Ba Hula, Ba Bel

Kai ma ka sha wucewa ta gefen katangar nan. Ka san ta, doguwa ce, an shafa mata farin fenti, an nannaɗa mata waya mai ƙaya a sama. In ka zo daidai ƙofa sai ka rage rediyon motarka, ka kafa ido a kan titi, ka wuce. Ranar fareti ka tafa wa sojojin da ke ciki. Ranar da ɗayansu ya tsare ka a shinge ka zage shi a zuci. Amma ba ka taɓa tambayar yadda ake yi wa soja shari'a idan aka ce ya yi laifi ba, domin ka riga ka yanke wa kanka cewa duk wanda ya sa kaki ya tuɓe haƙƙinsa ne a bakin ƙofa tare da kayan gida. Ba tsarin mulki ne ya faɗi haka ba. Kai ne ka ga hakan ya fi maka sauƙi. To, tunda ka ƙi leƙawa, ga abin da ya faru a bayan katangar.

Wani kofur ne, direban babbar mota. A barikin ba mai kiran sunansa na yanka, kowa Sitiyari yake ce masa, har 'ya'yan maƙwabta. Mutum ne marar yawan magana, mai faɗin kafaɗa, wanda in ya zauna ko a kan benci ne sai ka ga ƙafarsa ta dama tana laluben wani abu a ƙasa.

Wata safiya wani laftanar sabon zuwa ya ce ya kwashi kurata ya kai su filin harbi. Hanyar filin gangara ce, a ƙarshenta kuma akwai ƙaramar gada. Kuratan suka ɗare bayan mota suna ture juna. Sitiyari ya tada inji, ya taka birki don ya gwada, ƙafarsa ta nutse har ƙasa kamar ya taka soso. Ya sake takawa, ta sake nutsewa. Dama tun jiya bakaniken gareji ya nuna masa bututun man birki yana yoyo, ya ce sabo bai iso ba.

Ya leƙo ta taga. "Yallaɓai, motar ba birki."

"Na tambaye ka?" in ji laftanar.

"Ba ka tambaye ni ba, Yallaɓai. Amma ba birki."

"Kofur, ja motar nan."

Kuratan suka daina ture juna a baya. Sitiyari ya dubi hanyar da ta miƙe ta gangara, ya kashe inji, ya sauko, ya ƙame a gaban laftanar da makulli a tafin hannunsa. Kafin rana ta take yana gadirum, ɗakin da ake tsare soja mai laifi, an rubuta masa ƙin bin umarni.

A bakin gadirum aka karɓe masa hula da bel da igiyar takalmi. Ɗakin siminti ne tsura, da taga ɗaya can sama wadda ba ta nuna komai sai gefen tankin ruwa. Akwai bokiti a kusurwa, da bargo mai warin mutanen da suka gabata. Ya zauna ya jingina da bango. Ya jira ya ji tsoro, ko haushi, bai ji ko ɗaya ba. Abin da kawai ya dame shi wandonsa ne, da ya miƙe sai ya riƙe shi da hannu.

Ya tarar da mutum ɗaya a ciki, kukun ɗakin cin abincin hafsoshi, wanda aka kama yana barci ranar da aka sa shi gadi.

"A'a, Sitiyari, kai ma?" in ji Kuku. "Lale marhabin. Ga falo, ga ɗakin kwana, ga bayi, duk wuri ɗaya. Ba a biyan wuta."

Ranar ziyara aka fito da shi baranda. Mahaifinsa ne ya zo, tsohon saje mai ritaya, wanda har yanzu yake goge takalminsa kafin ya je sayen burodi. Tare da shi akwai ƙanwar Sitiyari, autarsu, wadda take buga takardu a wani ofishin lauyoyi a cikin gari. Ta ajiye kular abincin da matarsa ta aiko, ba ta ko tsaya dogon gaisuwa ba.

"Yaya, saurara da kyau. Na tambayi oganmu. Za a shigar da kai gaban Kwamanda. Kafin ya yanke hukunci dole ya tambaye ka, ka amince ya yanke maka shi kaɗai, ko kana son a kai ka kotun soja. Ka ce kotu kake so. A can za ka samu lauya, za ka kira bakaniken nan ya yi shaida, a kawo bututun a gani. A ofishin Kwamanda ba lauya, kuma in ka ce ka amince, ka amince ke nan."

Tsohon ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci. "Ga lauyar gidanmu nan. Ke da kika yi digiri a kan buga madannai."

"Baba, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, Auta. A cikin kakin nan na yi furfura. Na shigar da mutane gaban kwamanda sun fi gashin kanki yawa. Wanda ya ce kotu, ya ce wa Kwamanda ne a gaban hafsoshinsa, ban yarda da adalcinka ba. Daga ranar ya zama abokin gaba." Ya juya ga ɗansa. "Kai, dube ni. Ka shiga, ka ƙame, ka ce ka amince. Za a ba ka 'yan kwanaki a nan, ko a cire maka igiyar muƙami ɗaya, ta dawo baɗi. Kwamanda uba ne. Uba yana duka, amma ba ya korar ɗa daga gida."

"In ya kore shi fa?"

"A kan mota? Ke dai ba ki san soja ba."

"Na san doka ta ba shi zaɓi. Ba alfarma ba ce, haƙƙinsa ne."

"Haƙƙi," in ji tsohon, yana juya kalmar a baki kamar ya tauna tsakuwa. "Mu a zamaninmu haƙƙin soja shi ne a ba shi takalmi daidai ƙafarsa. Shi ma ba kullum ba."

Sitiyari yana kallon su, daga wannan zuwa wancan, kamar suna maganar wani maƙwabci. Ya san abin da ke kan faifai. Aikinsa ne, da ɗaki biyu na bariki inda matarsa da 'ya'yansa suke, da sunansa. Ya san haka a kai, amma abin bai sauko ƙirji ba.

Auta ta kama hannun rigarsa. "Yaya, motar tana da birki?"

"Ba ta da shi."

"Ka yi laifi?"

"Ban kashe yaran mutane ba."

"To ka ce kotu. Ka yi mini alkawari."

Ya dubi mahaifinsa, ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Baba, ka yi haƙuri. Kotu zan ce."

Tsohon ya miƙe, ya kakkaɓe bayan rigarsa. "Ka girma," ya ce. Ya tafi bai waiwayo ba.

Da Kuku ya ji labari sai ya ce ai abin gwaji yake so. Ya kifa kwanon abinci a ka a matsayin hula, ya zauna a kan bargon da ya ninke, ya tura ciki gaba.

"Kofur Sitiyari! Ka amince da hukuncina, ko kana son kotu?"

"Ina son kotu, Yallaɓai."

"Me ka ce? Kunnena ya toshe da kitsen da kukuna yake ɗura mini."

"Ina son kotu, Yallaɓai."

"Madalla. An ƙara maka girma zuwa janar. Fita ka wanke bokiti."

Suka yi ta yi har maganar ta zauna a bakinsa. Yana faɗinta da safe in ya farka, yana faɗinta in yana wanke fuska. Magana ce gajeriya, ba wuya. A zaune yake faɗinta, ko a jingine da bango, numfashinsa a kwance.

Ranar da aka kira shi, Samanja ne da kansa ya zo. Samanja shi ne babba a kan duk ƙananan sojojin bataliyar, kuma shi ya horar da Sitiyari tun yana kurtu. Muryarsa ce ta farko da ta koya wa ƙafafun Sitiyari hagu da dama. Aka tsayar da shi a dogon barandar ofis tsakanin masu rakiya biyu, ba hula, ba bel, takalmi yana ɓalɓal a ƙafa.

"Ba a shiga wurin Kwamanda da tafiyar kasuwa," in ji Samanja. "Da gudu ake shiga. Mu gwada. Hagu, dama, hagu, dama, hagu, dama! Ɗaga gwiwa! Tsaya! Juya! Haka aka koya maka? Koma!"

Suka je ƙarshen baranda suka dawo. Suka sake. Suka sake. Hannunsa ɗaya yana lilo, ɗayan yana son ya kai ga wando, Samanja yana ture shi da sanda. Gumi ya shiga idonsa. A wani wuri cikin zirga-zirgar nan kansa ya yi shiru, irin shirun da yake yi a filin fareti, inda mutum ba ya tunani, jiki ne kawai yake ji yake yi. Shirun yana da daɗi. Ya daɗe da sanin daɗinsa.

Ƙofa ta buɗe.

"Hagu, dama, hagu, dama, hagu, dama! Tsaya! Juya dama!"

Sanyin na'urar sanyaya ɗaki ya doke shi a fuska. Teburi ne babba mai gilashi a sama, da tuta ƙarama, da agogon bango. Kwamanda yana zaune da hula a kansa, bai ɗago ba. Laftanar yana tsaye a gefe. Sitiyari ya kafa ido a bango, ɗan sama da kan Kwamanda, inda aka koya masa. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Samanja yana bayansa, kusa sosai, har yana jin numfashinsa a ƙeya.

Aka karanta tuhuma. Laftanar ya faɗi nasa a taƙaice, bai yi ƙarya ba, bai kuma ambaci birki ba.

"Kana da abin cewa?" in ji Kwamanda.

"Motar ba birki, Yallaɓai."

"Ba shi ke gabana ba. An ba ka umarni?"

"An ba ni, Yallaɓai."

"Ka ji shi?"

"Na ji, Yallaɓai."

"Hafsa ne ya ba ka?"

"Hafsa ne, Yallaɓai."

"A gaban kurata ka ƙi?"

"A gabansu, Yallaɓai."

"Ka amince da hukuncina ko kana son kotu?"

Da murya ɗaya ya yi tambayar, da sauri ɗaya, bai ko ajiye biro ba. Maganar da Sitiyari ya haddace tana nan, ya gan ta sarai, tana zaune a can gadirum a jingine da bango. Ya buɗe baki yana neman numfashin da zai ɗauko ta.

"Amsa!" in ji Samanja a ƙeyarsa.

"Na amince, Yallaɓai!"

Da ƙarfi ta fito, tsaf, yadda ake so. Ya ji ta kamar daga bakin mai rakiyar da ke hagunsa. Har ya ɗan jira ya ji ko wani zai gyara.

Kwamanda ya rubuta wani abu. Ya ce ƙin umarni a gaban kurata ciwo ne mai yaɗuwa, kuma ba zai bar shi ya yaɗu a bataliyarsa ba. Ya ce an kore shi daga aiki. Ya ce a fita da shi.

"Juya hagu! Hagu, dama, hagu, dama!"

Ƙafafunsa suka bi. Ba su yi kuskure ko ɗaya ba.

Kai da kake karatu a inuwa, na san abin da kake cewa. Ai an tambaye shi, ai da bakinsa ya amsa. Haka ne, an tambaye shi. An ɗauki mutum tun yana saurayi, an yi shekaru ana cire masa kalmar a'a daga baki da sanda da rana da tsallen kwaɗo, sannan aka sa shi gudu har numfashi ya ƙare, aka tsayar da shi riƙe da wando a gaban mutumin da yake mai tuhuma kuma alƙali, aka ce ya zaɓa. Wannan shi ake rubutawa a ce an ba shi haƙƙinsa.

A ƙarƙashin bishiyar da ke gaban ofis mahaifinsa yana zaune a kan benci. Ashe ya zo tun da safe, duk da fushin. Ya miƙe da ya hango shi.

"Me ka ce masa?"

"Na amince."

Fuskar tsohon ta saki. "Yawwa. Yawwa, ɗan albarka. Ai na san jinina ne. Kwana nawa ya ba ka?"

"Ya kore ni, Baba."

Tsohon ya ci gaba da murmushin na ɗan lokaci, domin fuskar ba ta samu labari da wuri ba. Sannan ya koma ya zauna. Ya dubi ƙofar ofishin, ya dubi takalminsa mai ƙyalli. "A kan mota," ya ce. Ba da kowa yake ba.

A hanyar sito, inda zai mayar da kayan gwamnati, ya wuce ta bakin gareji. Bakanike yana tsaye cikin kaki mai guga, abin da ba a saba ganinsa da shi ba, ya naɗe wani abu a tsumma.

"Sitiyari! Tun safe nake jira a kira ni. Ga bututun na ciro. Yaushe za a shiga?"

"An gama."

"An gama me?"

Sitiyari ya ɗaga masa hannu ya wuce. A sito ya miƙa kaki, da jaka, da gorar ruwa, da takalmi. Mai sito ya ba shi aron silifa, ƙafa ɗaya shuɗi ɗaya baƙi. A gida ya tarar matarsa ta riga ta ji, domin a bariki labari yana riga mai shi isa ƙofa. Ba ta yi kuka ba. Tana sauke labule, ta tambaye shi ko a kwance gadon yau ko a bari sai an samu mota. Ya ce duk yadda ta gani. Ya zauna a kan kujera yana kallon ramukan ƙusa a bango.

Auta ce ta zo ta ja shi zuwa ofishinsu bayan sun kwashe kaya zuwa gidan tsohon. A cikin tasi ba ta yi masa magana ba sai sau ɗaya.

"Yaya, ka yi mini alkawari fa."

"Na yi."

"To me ya faru?"

"Ban sani ba, Auta. Bakin ne."

Ofishin a bene yake, a saman wani shagon sayar da tayoyi. Fanka tana juyawa tana kaɗa gefen takardu. Lauyan mutum ne mai ƙaramin jiki da tabarau, ya nuna masa kujera har sau biyu kafin ya zauna, a bakin kujerar, hannuwa a kan gwiwa.

"Akwai hanyar neman a sake duba hukuncin," in ji lauya. "Ba zan ɓoye maka ba, siririya ce, kuma ta hannun manyansa za ta bi. Abu na farko da za su nuna mana shi ne ka amince. Don haka ina son ka gaya mini gaskiya. An hana ka magana?"

"A'a, Yallaɓai."

"Bar yallaɓan nan. An gaya maka kana da zaɓi?"

"An tambaye ni."

"Wani ya yi maka barazana? Ya ce in ka zaɓi kotu za ka gani?"

"A'a."

"Wani ya doke ka? Ya tilasta maka?"

Sitiyari ya shiga tunani. Da gaske yake neman amsar. Ya bi barandar a ransa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya shiga ofishin, ya tsaya gaban teburin, yana neman hannun da ya shaƙe shi don ya nuna wa lauya. Auta tana tsaye a bayan injin buga takardunta, ta daina bugawa.

"Ba wanda ya taɓa ni," ya ce.

Lauya ya cire tabarau ya murza idanu. Ya ce za su rubuta duk da haka. Ya ce kada ya sa rai da yawa. Sitiyari ya ce to. A ƙasa wani yana buga taya da guduma, ya saurara, ya gane ta babbar mota ce.

Yanzu saura kai. Kana da wakili a majalisa, ka san ofishinsa, ka san hanyar gidansa tunda ka je neman alfarma. Koma wannan karon da magana ɗaya. A sa a doka cewa ba za a yi wa soja tambayar nan yana haki ba. A ba shi kujera, a ba shi lokaci, a bar shi ya ga lauya a keɓe kafin ya amsa, kuma wanda zai iya raba mutum da aikinsa kada ya zama shi ne shugaban mai ƙara. In kai lauya ne, je ƙofar bariki ka nemi ganin waɗanda ke tsare. In ɗan jarida ne, tambayi yadda ake yanke hukuncin, ka buga amsar ko shirun. Kada ka ce sai ka yi nazari. Tashi ka je.